Me Ke Hana 'Ya'yanmu Ƙwanƙwasa Ƙofar Murshid?

Maman Hanan (Makka):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta nan. Waɗanda suka san ni sun san aikina ba ɗalibai shawara ne, wato murshida, a wata sanawiyyar (sakandaren) 'yan mata a nan Makka. 'Yan mata suna shigowa ofishina da ƙafarsu, wata kan jarrabawa, wata kan rigimar gida, wata ma don ta yi kuka ta wanke fuska ta koma aji. Amma namu, 'ya'yan Hausa da na Barno da Fallata, ba sa zuwa sai an kawo su. Malama ce za ta riƙo hannun yarinya bayan makinta ya zube, ko ta yanke jiki ta faɗi a layin safe. Kafin nan kuwa an yi wata da watanni abu yana cin ta a ciki. Ni kuma jininsu ce, in muka keɓe Hausa nake yi musu. To me ke hana su? Iyaye da ɗalibai, ina son in ji ta bakinku, kada a yi min kara.

Kawu Sale:
Wa alaikumus salam 'yata. Tambayarki tana da amsa, kuma ba ta da nisa. Mu da muka tashi a Shari' Mansur, yaro bai taɓa rasa wanda zai kai wa kuka ba. In ya ji nauyin uwarsa akwai goggo, in ya ji nauyin goggo akwai kaka, ga liman, ga malamin allo da ya san shi tun yana rarrafe. Yanzu a ce ya tsallake duk waɗannan ya je ya zauna gaban baƙo mai biro da takarda? Mu abin da rayuwa ta koya mana a ƙasar nan shi ne, duk abin da ya hau takarda ba ya goguwa. Ba raina aikinki nake yi ba, Allah ya sani. Amma ni ban ga laifin yarinyar da ta rufa wa gidansu asiri ba.

Abu Yasir (Jidda):
Kawu, Allah ya ƙara girma, waɗannan goggonnin da kakannin suna ina yau? Mu a Ghulail muke. Da aka fara rusau a ƙarshen 2021 zuwa 2022, Ghulail da Petromin da Sabil da Karantina duk suka tafi. Gidan da ke jikin katangarmu yau yana can arewacin Jidda, wani ya koma Bahra, wani ya tattara ya tafi Kano gaba ɗaya. Ku ma a Makka kun ga yadda hanyar Sarki Abdul'aziz ta ratsa unguwanninmu. Da ɗana in na yi masa faɗa, ƙofa uku zai wuce ya faɗa ɗakin ƙanwata ta lallashe shi. Yanzu ɗaki zai shiga ya rufe, shi da wayarsa. Zumuncin da kuke magana a kai a ƙafa yake, ƙafar kuma yanzu sai da mota da kuɗin mai.

Amma a maganar takarda ina bayanku. Maman Hanan kina da jinsiyya, wato ke 'yar ƙasa ce, ni igama ce da ni, takardar zaman baƙo, duk da a nan aka binne cibiyata. Mai igama kullum a ɗarare yake. Yarana sun tashi suna jin muna cewa kada a yi rigima a waje, kada a sa hannu a abin da ba a karanta ba, kada sunanka ya shiga ofishin da ba dole. Ba wanda ya zaunar da su ya ce kada su je wurin murshid. Tarbiyyar ce gaba ɗaya ta gaya musu haka.

Maman Hanan (Makka):
Yaya Abu Yasir, na ji wannan har cikin raina. Amma bari in fayyace abu ɗaya. Abin da ɗaliba ta faɗa min amana ce, ƙa'idar aikin kanta ta ɗora min riƙe sirri, sai fa in akwai barazana ga ranta ko ran wani, ko ana cutar da ita. Ofishina ba reshen jawazat ba ne, wato hukumar shige da fice. A ɓangaren asibiti ma, dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2014 ta sa sirrin majinyaci cikin haƙƙoƙinsa.

Abu Yasir (Jidda):
Na yarda da ke, ƙanwata. Saura ki shawo kan yaron da ya ga an sa maƙwabcinsu a motar tarhil, ta korar baƙi zuwa ƙasarsu, yana ɗan shekara bakwai.

Hajiya Uwani:
Ku duka kun bar babbar maganar. Aure. Wace uwa ce a cikinmu ba ta san yadda ake binciken gida ba? Dangin miji za su aiko tsohuwa ɗaya ta zaga, ta sha shayi a gidaje biyu, shi ke nan an gama. In aka ce yarinyar nan tana ganin likitan nafsiyya, wato na ƙwaƙwalwa, kafin labarin ya kai gida na uku ya zama an taɓa kwantar da ita a Shihar, asibitin ƙwaƙwalwa na Ɗa'if. Mutanenmu ba sa bambanta mai ba da shawara a makaranta da asibitin Ɗa'if, kamar yadda a gida da an ce ƙwaƙwalwa sai a ce Dawanau. Kuma mu a junanmu muke aure. Wadda take da dangi dubu a ƙabilu goma tana iya ɓacewa cikin mutane. Tamu in sunanta ya ɓaci a Hindawiyya, ya ɓaci a Madina, ya ɓaci har Fagge.

Dakta Bashir (Riyad):
Salam. Na karanta duka, kuma abin da kuke faɗa ya yi daidai da abin da masu bincike suka daɗe suna gani, sai dai kowa ya kamo gefe ɗaya.

Na farko, matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa, wanda Cibiyar Sarki Salman ta binciken naƙasa ta jagoranta aka fitar da rahotonsa a 2019, ya nuna kashi 34 cikin 100 na 'yan ƙasa sun taɓa fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kuma wajen takwas cikin goma na masu larura mai tsanani ba sa neman magani ko kaɗan. Ku lura, 'yan ƙasa aka tambaya. Irin su Abu Yasir da 'ya'yansa ba sa cikin lissafin.

Na biyu, maganar abokan hulɗa. A 2007 David Vogel da abokan aikinsa sun yi nazari a kan ɗaliban jami'a a Amurka. Cikin waɗanda suka taɓa neman taimakon ƙwararre, kimanin kashi 75 wani ne ya ce musu su je, kimanin kashi 94 kuma sun san wani da ya taɓa zuwa. Wato da wuya ɗalibi ya tashi shi kaɗai ya nufi ƙofar nan don ya ga sanarwa a bango. Yana bin sawun wanda ya sani ne. To Maman Hanan, ki tambayi kanki: yarinyarmu, a cikin ƙawayenta da 'yan uwanta da matan da take gani a gidan biki, wa ta taɓa ji da kunnenta ta ce na je kuma na ji sauƙi? Akwai waɗanda suka je, ni na san wasu. Amma kowa ya ɓoye, saboda abin da Hajiya Uwani ta faɗa. Sai kowace yarinya ta ɗauka ita ce za ta fara, ba kuwa mai son ya zama na farko a irin wannan.

Kawu Sale:
Dakta, Amurka daban, Makka daban.

Dakta Bashir (Riyad):
Haka ne Kawu, shi ya sa na faɗi inda aka yi shi. Tarihinsu ba namu ba ne. Baƙar fatar Amurka suna da dalilinsu na ƙin yarda da likitoci, ko binciken Tuskegee kaɗai ya isa, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar maza baƙaƙe da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar za ta ci su. Masana biyu, Francis da Sandra Terrell, har ma'auni suka ƙirƙiro a 1981 na gwada wannan rashin yardar, aka kuma ga ɗalibin da rashin yardarsa ya yi yawa ba ya sa ran samun alheri wurin mai ba da shawara farar fata. Mu kakanninmu da ƙafarsu suka zo, ta Chadi da Sudan, suka tsallako teku daga Sawakin don aikin hajji. Amma ba za mu yi kamar ba mu san cewa sai a 1962 aka haramta bauta a ƙasar nan ba, kuma har yau akwai yaron da in ya so ya ɓata wa ɗanka rai a filin makaranta da kalmar bawa yake jifansa. Yaron da aka jefa da ita yana shiga ofishin murshid da tambaya a ransa: wannan mutumin zai gane, ko zai ce ina da ƙorafi?

Ummu Jana:
Dakta ka taɓo min inda yake min ciwo. 'Yata tana aji biyu a mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, wasu yara suka sa ta a gaba. In ta zauna sai su ja kujerunsu baya, wata ta toshe hanci. Akwai ranar da ta buɗe jakarta ta tarar an saka mata sabulu da takarda an rubuta ta wanke baƙin. Ba ta gaya min ba, ni dai na ga ta daina cin abincin safe, ta fara sa safar hannu ko ana zafi. Ita da kanta ta yi ƙarfin hali ta je wurin murshidar makarantar. Matar ta saurare ta, ta ba ta alewa, ta ce wasa suke yi, ki yi haƙuri, ai dukanmu Musulmi ne, Bilal ma baƙi ne. Shi ke nan. Ba a kira yaran ba, ba a kira iyayensu ba. Da Abu Zarri ya goranta wa wani da uwarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba wanda aka zaga ya ce wa ya yi haƙuri ba. Abu Zarri ya fuskanta ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da kai.

Abin da nake so ku gane shi ne abin da ya biyo baya. 'Yata ta gaya wa 'yar yayata, ita kuma ta gaya wa ƙawayenta na tahfiz. Yau in kika tara 'yan matan danginmu kika ce murshida, dariya za su yi su ce mai alewa. Zama ɗaya da bai yi kyau ba ya rufe ƙofar ga yara da yawa da ba su taɓa ganin matar ba.

Maman Hanan (Makka):
Innalillahi. Yaya Ummu Jana, Allah ya saka wa yarinyar nan. Abin da aka yi mata cin zali ne, yana da matakan da ya wajaba makaranta ta ɗauka, kuma kina da haƙƙin kai ƙara gaba har ofishin ilimi. Shi ya sa kullum nake cewa a ƙara yawanmu a wannan aikin. Da ni ta samu, ba sai ta yi min bayanin me sabulun nan yake nufi ba.

Safiyya:
Assalamu alaikum iyayena. Ni ɗaliba ce a jami'a, na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Anti Maman Hanan ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, wallahi ba rashin kunya ba ce. Da a makarantarki nake, ke ce ta ƙarshe da zan zo wurinta. Ba don ba ki iya ba. Don ke da Ummana kuna haɗuwa a gidan suna da gidan rasuwa. Ko ba ki faɗa ba, duk ranar da na ga kin zauna kusa da ita kuna magana ƙasa-ƙasa, cikina zai ɗuri ruwa. Kuma in na ce miki matsalar daga gida take, kin san fuskar wanda nake nufi.

Ni na je, a shekarata ta biyu, bayan rasuwar Abbana. Barci ya ƙaurace min, in na buɗe littafi sai layukan su riƙa haɗewa. Wadda ta kai ni ƙawata ce 'yar asalin Jawa, su ma a Makka aka haifi kakanninsu. Yayarta ta taɓa zuwa, a gidansu ana maganar a kan tabarmar cin abinci kamar maganar likitan haƙori. Ba ta yi min wa'azi ba. Ta ce ranar Talata bayan lacca za mu wuce tare, ta zauna a kujerar waje da jakata a cinyarta har na fito. Matar da na gani 'yar Najadu ce, fara sol. Da na ce mata a gidanmu ba a kuka da ƙarfi bayan kwana uku, kuma ni ce babba, ƙannena ni suke kallo, ba ta ce ta gane ba. Ta ajiye biro ta ce, ban san al'adarku ba, koya min, wa yake da izinin yin rauni a gidanku? Wallahi ba a taɓa yi min wannan tambayar ba.

Har yau Ummana ba ta sani ba. Da sunan da ba nawa ba nake rubutu a nan.

Hajiya Uwani:
Allah sarki 'yar nan. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa ya huta.

Maman Hanan (Makka):
Amin. Safiyya, ba ki yi rashin kunya ba ko kaɗan. Maganarki ta yi min nauyi, amma ita na zo nema.

Dakta Bashir (Riyad):
Abin da Safiyya ta faɗa ma an auna shi. A 2011 Cabral da Smith sun tattara nazarce-nazarce masu yawa kan haɗa mutum da mai ba da shawara ɗan launin fatarsa ko ƙabilarsa. Mutane sun fi son nasu in aka ba su zaɓi, wannan a fili yake. Amma da aka duba samun sauƙi a ƙarshe, bambancin ɗan kaɗan ne ƙwarai, duk da ya fi fitowa a wurin baƙar fatar Amurka. Kamannin fuska yana taimakawa wajen shigowa. Abin da ke sa a dawo zama na biyu shi ne irin abin da matar nan ta yi da ta ajiye biro.

Malam Idi (Madina):
Allah ya yi wa kowa albarka. Ina jin tsoron kada a fita daga nan da tunanin malamai ne ke tare hanya. Mu ne ake fara kawo wa yaran nan, wannan gaskiya ne. Uwa za ta bugo waya ta ce Malam an yi wa ɗana baki, ko iska ta taɓa shi. Ina yin ruƙya da abin da ya tabbata, ba na jin kunyar haka. Amma Annabi ya ce ku nemi magani bayin Allah, kuma Nana A'isha tana sa a dama wa masu makoki talbina, wato kunun sha'ir, tana cewa ta ji daga gare shi tana sanyaya zuciyar marar lafiya tana rage baƙin ciki. Wani masani Musulmi, Abu Zaid al-Balkhi, fiye da shekara dubu da suka wuce, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana buƙatar maganin jiki. Marigayi Malik Badri ɗan Sudan ne ya fito da aikinsa ga mutanen zamani. Don haka in na ga yaro ya rame, ba ya barci, yana cewa gara ya mutu, ina karanta masa, sannan in ce wa uban gobe ka kai shi asibiti, in ka ga dama in raka ku. Uban da zai yi musu da murshid ba ya musu da ni.

Ummu Rayyan:
Allah ya gafarta Malam, abin da kuka faɗa shi aka yi a wurinmu tun da daɗewa. Ni 'yar Maiwurno ce ta ƙasar Sudan, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ne ya fito da mu daga Khartum zuwa Jidda. Dakta Tijani al-Mahi, wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman ke ɗauke da sunansa, bai yaƙi shehunan masid, wato tsangayu, ba. Ya je ya zauna da su, ya girmama su, har suka riƙa turo masa waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin allo da tawada. Ya gane mutane ta hannun wanda suka yarda da shi suke zuwa.

Amma ku sa namu yaran a lissafi. Ɗana ya ga gawa a titi yana hanyar sayo burodi. Kafin wannan, a 2022, an kashe danginmu a rikicin jihar Nilul Azraƙ ta Sudan, ana ce mana baƙi a ƙasar da kakanninmu suka zauna tun bayan yaƙin Burmi da Turawa. Yanzu a ajinsu Larabawa suna ce masa ɗan Sudan, 'yan Sudan suna ce masa Fallati, Hausawan nan kuma suna dariyar Hausarsa. Yaron da ba shi da aboki ko ɗaya, wa zai ce masa zo in raka ka?

Abu Yasir (Jidda):
Yaya Ummu Rayyan, ki turo min unguwarku ta akwatin sirri. Yarana suna buga ƙwallo duk Juma'a bayan la'asar, zan biyo in ɗauke shi.

Ɗan Zazzau (ɗalibin minha):
Salam iyaye da yayye. Mu da muka zo karatu Madina daga gida da minha, wato tallafin karatu, namu ya ɗan bambanta. A masauki kowace ƙasa da rukuninta, mu 'yan Najeriya da Nijar tare muke ci, tare muke tafiya Harami. In ɗayanmu ya shiga damuwa, shugaban ɗalibai ake gaya wa, a tara masa riyal kaɗan, a yi masa nasiha da haƙuri. Yana da amfani, amma iyakarsa ke nan. Abin da ke yawo a tsakaninmu shi ne in ka je ofishin shawara za a ce ba ka da lafiyar karatu a mayar da kai gida. Duk wanda ka tambaya wa aka yi wa haka, sai ya ce shi ma ji ya yi daga na gaba da shi. Ga nauyin gida: gari guda ya raka ka filin jirgi, ana jiran ka dawo malami, daga mukafa'arka, ɗan alawus ɗin da ake ba ka, ake sayen buhun masara. Da wane baki za ka ce ka kasa? Sannan Larabcinmu na littafi ne. Ina iya yin i'irabin baiti, amma in faɗi abin da ke cikin ƙirjina da Larabci, sai harshena ya ɗaure.

Akwai wanda muke ɗaki ɗaya da shi, tun bayan hutu ba ya fita sai salla, abincinsa ma sai na kawo masa.

Malam Idi (Madina):
Ɗana, wannan ba na jira ba ne. Ka same ni bayan isha'i yau, ka zo da shi in zai yarda, in bai yarda ba ka zo kai kaɗai.

Maman Hanan (Makka):
Ɗan Zazzau, in ka ji ya ambaci mutuwa ko cutar da kansa, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kira 937 na ma'aikatar lafiya ko ku wuce sashen gaggawa a daren. Akwai kuma manhajar Qareeboon ta cibiyar ƙasa mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ana iya rubuta tambaya a ciki, wataƙila rubutu ya fi masa sauƙi a kan magana.

Ni kuma ga abin da zan yi. Zan nemi wata abokiyar aikina da ba ta san kowa a cikinmu ba, duk yarinyarmu da ta ji nauyina in haɗa ta da ita, ba sai na ji komai ba. Hajiya Uwani, ke ake saurara a gidan biki. In manya biyu ko uku da suka taɓa zuwa za su yarda su faɗa da bakinsu a gaban 'yan mata, ya fi duk takardun da nake mannawa a bango.

Hajiya Uwani:
Ni zan fara. Bayan haihuwata ta huɗu na yi wata shida ina shan magani, maigidana kaɗai ya sani. 'Ya'yana duk sun yi aure, ba abin da wata tsohuwa za ta rage min yanzu.

Kawu Sale:
Ikon Allah. Hajiya, muna unguwa ɗaya a lokacin, ban taɓa ji ba. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa a fara da gida. Amma Malam Idi, in ka shigo Makka umara ka neme ni, akwai jikana da nake so ka gani.

Safiyya:
Duk 'yar'uwar da take Makka tana son rakiya ta yi min magana ta sirri. Ba zan tambaye ki me ya faru ba.

Ɗan Zazzau (ɗalibin minha):
Allah ya gafarta Malam, na yi masa magana, ya ce zai zo in ba za a gaya wa shugaban ɗalibai ba. Ta wace ƙofa za mu same ku?